Murhun Aro a Accra

Mama ta je Accra ne don ta dafa mini abinci. Ni kuma na je ne don kada ta taɓa tukunya. Da mun faɗa wa juna haka tun a waya, da ba mu kashe yawancin kwanakin da Allah ya ba mu muna yawo cikin rana muna kumbure-kumbure ba. Amma ni da ita ba mu iya faɗin abu kai tsaye ba sai an yi faɗa. Shi ne kuma ganinmu na ƙarshe, don daminar da ta biyo baya ta rasu, aka binne ta ina kallo ta waya.

Ga yadda aka yi muka haɗu a garin da ba nata ba, ba nawa ba. Ni da maigidana mun bar kudancin Kaduna bayan rikicin da ya ci gidanmu da shagonsa, muka nemi mafaka a Amurka. Shari'ar ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Da aka gama, suka ba ni takardar tafiya mai kai ni ko'ina a duniya ban da ƙasar da aka haife ni. Lauyanmu ya ja mini kunne cewa ranar da na taka Najeriya, ranar na rushe duk abin da muka gina. Mama kuwa ta nemi biza har ta gaji: a yi mata tambaya biyu ta taga, a turo mata fasfonta. Haka muka haura shekara goma sai dai gaisuwa a waya, ita ma rabin gaisuwa, don Mama ba ta taɓa iya riƙe waya daidai ba. Goshinta nake gani da rufin ɗaki.

Wata mai shago a Wheaton, 'yar Gana, wadda nake sayen kuka da manja a wurinta, ita ta kawo dabarar. Ta ga ina share hawaye a gaban buhun gari, ta ce, "Ku gamu a Accra mana. Ita ba ta bukatar biza, ke kuma ba a hana ki can ba." Na koma gida Fort Washington ina tuƙi ina mamakin yadda aka yi ban taɓa tunanin haka ba.

Aikina jinya ne a gidan tsofaffi. Kullum ina ba iyayen wasu abinci a baki, ina goge musu haɓa, ina lallashinsu su ƙara cokali ɗaya, alhali tawa uwar tana can tana sunkuye a bakin murhu da ciwon baya. Wannan abu ya daɗe yana cin raina. Saboda haka da na tashi kama mana masauki, da gangan na tsallake gidajen haya masu kicin, na kama otal mai kyau kusa da teku. Na ce sau ɗaya a rayuwarta matar nan za ta zauna a kawo mata, ta ci, a kwashe. Na tsara mana wuraren da za mu gani, na yi shatar tasi. Har yau ban ga laifina a nan ba.

Ƙanena ne ya rako ta. Na hango su a filin jirgi, shi yana tura keken kaya, ita tana biye tana dafe da wata ƙatuwar jaka mai layi-layi, irin wadda muke kira Gana-mas-go. A Gana! Na ce wa ƙanena, "Duk jakunkunan da na aiko, wannan kuka ga dama ku shigo wa mutane ƙasa da ita?" Ya ce shi ba ruwansa, ya yi magana an ce ya rufe baki.

Ta ƙanƙance. Da na rungume ta sai na ji kafaɗunta kamar na yarinya. Na fashe da kuka a tsakiyar jama'a, ita kuwa ta ture ni baya kaɗan, ta dube ni sama da ƙasa, ta matsa damtsena.

"Kin rame," in ji ta.

Ni da likita yake bina da maganar rage ƙiba. Na ce, "Mama, dube ni fa da kyau."

"Na duba. Wannan kumburi ne, ba ƙiba ba. Me suke ba ki a can?"

A otal ta zagaya ɗakin, ta buɗe banɗaki, ta buɗe kabad, ta leƙa baranda, ta dawo ta tsaya. Ta ce, "Ina ake ɗora tukunya?" Na ce ba a ɗorawa, an zo hutu ne, Sarauniya. Ta ce to. Ta tura jakarta ƙarƙashin tebur, ta ce kada wanda ya taɓa mata. Da safe na kai ta inda aka jera abinci kala-kala, na ce ta zaɓi abin da ranta yake so. Ta ɗauki burodi yanka ɗaya da shayi, ta zauna tana kallon abin da ni nake kaiwa baki, tana taɓe fuska.

Ina ce na san zafi. Washington ma a watan Yuli ba ta da mutunci, iska takan tsaya cik a kan kogi ka ji kamar an rufe ka da bargo. Amma na Accra daban ne. Kafin ka fita daga ƙofar otal zuwa mota riga ta manne a baya, gumin kuma mai danƙo ne, ga ƙarnin teku, ga hayaƙin motoci. Hanya a cushe, ƙananan bas suna kutsawa ta ko'ina, yaran mota suna rataye a ƙofa suna kiran unguwanni, masu talla suna bi tsakanin motoci da ruwan leda da soyayyar ayaba a ka. Ƙanena tun rana ta biyu ya ce shi ya ga Accra, ya isa, ya tafi harkar atamfofinsa. Ya bar ni da Mama da direbanmu, wani dattijo mai furfura a gemu.

Mun je babban filin da suke bikin 'yancin kai, inda aka gina wata doguwar ƙofa da baƙin tauraro a samanta. Ba inuwa ko ta sanda. Na ce Mama ta tsaya in ɗauke ta hoto, ta tsaya kamar an kawo ta ofishin 'yan sanda. Mun je kabarin shugabansu na farko, wani saurayi mai zagayawa da baƙi ya yi ta zuba mana tarihi da Turanci, ina fassarawa. Da ya gama Mama ta ce in tambaye shi ko uwar mutumin tana da rai lokacin da aka kore shi daga ƙasar. Saurayin ya ce yana jin tana da rai. Ta ce, "Allah sarki," ta nemi dakali ta zauna. Daga nan ba ta ƙara sauraron komai ba.

A kasuwar Makola ne kawai ta farfaɗo. Wurin da ni nake riƙe da jaka a ƙirji ina neman hanyar numfashi, mata masu faffaɗan malfuna suna kirana baturiya saboda takalmana, Mama ta shige gaba kamar a nan aka yanke mata cibiya. Ba ta jin yarensu, ba su jin nata, amma sai da ta taya gauta, ta taya alayyafo, ta murza yakuwa ta shinshina. Na ga tana kwance bakin zani za ta saya.

"Mama, me za ki yi da ganye a otal?"

"Kallo zan yi. Ba kallo kika kawo ni ba?"

Na ƙwace ledar ganyen na mayar wa mai ita, na ja hannunta muka fita.

Washegari muka je tsohuwar unguwar masunta, inda akwai wata doguwar hasumiya mai ja da fari wadda take haska wa jiragen ruwa hanya. Na biya a hau da ni sama, na bar Mama a gindi saboda gwiwa. Daga can sama ana ganin teku har inda ido ya ƙare, da kwale-kwale masu fenti jere a bakin ruwa, da rufin kwano iya gani. Na leƙo ƙasa in ɗaga mata hannu, ba ta inda na bar ta. Can na hango ɗankwalinta wajen matan da suke banda kifi. Tana tsaye a gaban wutarsu, hayaƙi yana dukanta, hannuwa a baya, tana kallon garwashin kamar yadda na so ta kalli tekun. Na sauko a fusace, na ce duk kuɗin jirgi da na otal, hayaƙi ta zo shaƙa? Ta ce itacensu mai kyau ne, ba ya tartsatsi.

Abin ya fashe ne ana jibi zan tafi. Na fito daga wanka da hantsi ban gan ta ba. Kafin in gama sa kaya aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga manajan otal da ladabinsa, Mama tana bayansa da ƙullin zani a hannu. Ya ce sun same ta a kicin ɗinsu tana neman a ara mata tukunya da wuta, kuma doka ba ta bari baƙo ya shiga can. Ya ba da haƙuri har sau uku. Kunya ta kama ni, kunyar kuma ta juye ta zama masifa. Yana fita na hau ta. Na ce ta tozarta ni. Na ce na yi ta karɓar aikin kwana don in ga ta huta, ita kuwa ba ta iya komai ba sai wahala, an ba ta gado tana neman toka.

Ta durƙusa da ƙyar, ta jawo jakar nan, ta zuge. Ƙulli-ƙulli ne a ciki. Acha ce fara sol, wadda ta rege da hannunta ta shanya. Ga daddawa, ga gyaɗa, ga dakakken barkono, ga busasshiyar yakuwa ko da ba a samu ɗanya ba. Har da tsohon ludayinta na itace mai guntun baki. Kayan sawarta ba su fi kala uku ba, a gefe guda.

Ta koma yarenmu, wanda ba ta yi mini sai magana ta kai magana. Ta ce, "Ranar da kuka gudu, tukunya tana kan wuta. Ba ki ci ba kika tafi. Ni ban zo ganin kabarin kowa ba. Nawa ma yana nan yana jirana, zan gan shi."

Na zauna a bakin gado. Ni na manta ma da akwai tukunya a ranar. Ita kuwa shekara goma tana ɗauke da ita.

Direbanmu ne ya fitar da mu. Ashe Bahaushen zango ne, kakansa daga Sakkwato ya zo fataucin goro, kuma duk kwanakin nan yana jin duk abin da muke faɗa a bayan motarsa, ya yi gum. Da na tambaye shi da Turanci ko ya san inda za a ba mu hayar kicin na yini ɗaya, sai ya juyo ya amsa wa Mama da Hausa.

"Mma, murhu ba a haya. Akwai yayata a Nima, tana sayar da wake da shinkafa. In ta gama na safe, wuta na nan."

Mama ta dube ni ta ce, "Kin ji mutane."

Ranar da zan tafi muka je, don sai da aka aika aka nemi izini. Mun biya kasuwa tukuna, na sayi ganyen da na ƙwace da hannuna, da ƙashin saniya mai ɓargo. Nima lunguna ne matsattsu, kwata a tsakiya, awaki da yara da masu babur duk a hanya ɗaya, rediyo yana tashi daga kowace taga. Mota ba ta shiga, muka taka. Yayar direban wata Hajiya ce mai jiki, tana zaune a tsakar gidan haya tana kankare manyan tukwane. Ta miƙe ta tarbe mu, ta ba mu ruwa, aka gaisa aka sake gaisawa. Mama ta ga carbi a hannunta, ita ma ta ga gicciyen da yake wuyan Mama. Hajiya ta ce, "Ɗiyarki ce ta Amurka? Nawa yana Italiya, shekara bakwai." Ta nuna murhu da haɓa. "Ga wuta nan, ga itace. In kin bukaci turmi yana bayan ƙofa."

Na ce zan taya ta gyaran ganye. Mama ta ce in zauna. Na ce to bari in daka gyaɗar. Ta ce, "Ba'amurkiya, zauna. Ba hutu aka zo ba?" Hajiya ta yi dariya har da tafi, ta turo mini kujera 'yar tsugune.

Na zauna ina kallon uwata tana faten acha a gidan mutanen da ba ta taɓa gani ba. Ta ɗaure zani a ƙirji, ta gyara itace da ƙafa. Matar da nake riƙewa ta hau matakalar otal, ga ta tana sunkuyawa tana miƙewa ba ko nishi. Ƙashi ya tafasa da daddawa da albasa, ta zuba gyaɗa, ta kawo acha tana barbaɗawa da hagu tana juyawa da dama don kada ta yi gudaji. Gauta ta bi, sai yakuwa da alayyafo daga ƙarshe. Zafin rana da na wuta suka haɗu, gumi yana ɗiga daga haɓarta, tana 'yar waƙar zumuntar matan coci a ƙasan maƙoshi. Matan gidan suka kewaye ta suna tambayar wane irin tsaki ne wannan mai ƙanana haka. A duk yawon da muka yi a garin nan, wannan ne abin kallon da na gani.

Ta fara zuba wa Hajiya da mutanen gida, ta zuba wa direba da ƙanena, wanda ƙamshi ya dawo da shi daga kasuwa. Sannan ta cika kwano ta ajiye a gabana, ta jawo kujera ta zauna dab da ni. Ita ba ta ci ba. Na kai cokalin farko, tsamin yakuwa da ɗacin gauta suka sauka. Na sunkuyar da kai hawaye yana zuba cikin kwanon.

"Ci mana, gishirin ya isa, ba sai kin ƙara ba," in ji ta.

Na ci. Ta ƙara, na ci. Ta fasa ƙashi ta zazzago mini ɓargon. Duk cokalin da na ɗaga idonta yana biye da shi har baki, bakinta ma yana ɗan motsi. Sai da na rantse mata cewa ba sauran wuri sannan ta ƙyale ni, ta kankare ƙanzon tukunya ta ci a tsaye.

Daga nan ta fito da wata sabuwar kula daga jakarta, ta cika ta dam, ta ɗaure da ɗankwali. Ta ce na surukinta ne da mazajenta, wato 'ya'yana biyu maza, waɗanda ba ta taɓa ɗauka a hannu ba. Na san ba za ta wuce ba. Ko ta wuce a Accra, a can akwai karnukan da suke shinshina kaya, kuma abinci mai nama ba ya shiga. Na buɗe baki in faɗa, na ga yadda take ɗaure bakin ɗankwalin da haƙori, na ce Allah ya saka.

A ƙofar filin jirgi muka rabu, don ba a barin 'yan rakiya su shiga. Ba ta yi kuka ba. Ta dafa kaina ta yi addu'a da yarenmu, ta ce in riƙe kular a tsaye kada ta zube. Na shiga ina waiwaye har gilashi ya raba mu.

A wurin binciken kaya wata ma'aikaciya ta buɗe kular, ta duba, ta girgiza kai. Ta ce abu mai ruwa-ruwa ba ya shiga jirgi. Ta faɗa da taushi, ta nuna mini wata babbar robar shara cike da gorunan ruwa. Na tsaya ina kallon robar, mutane suna ture ni ta baya. Sai na rufe kular, na fita daga layi, na sami wani lungu kusa da taga, na zauna a ƙasa da kayana na tafiya.

Ba cokali. Faten ya huce ya yi kauri, na sa hannu. Cikina a cike yake tun na Nima, amma na ci rabon maigidana, na ci na babban ɗana, na huta, na ci na ƙaramin. Turawa masu jakar goyo suna wucewa suna satar kallona, ban damu ba. Ina ci ina kuka, ina jin kamar zan amayar, ina haɗiyewa. Sai da na suɗe kular tas, na tsotse ƙashin, sannan na wanke hannu na koma layi.

Na isa gida washegari da rana. Yara suka buɗe jakunkuna suna neman tsaraba, ƙaramin ya ɗaga kular ya tambaye ni da Turanci me ya sa na ɗauko kwano babu komai tun daga Afirka. Na shiga kicin na kira ƙanena, ya miƙa wa Mama. Goshinta ya bayyana.

"Kun sauka lafiya? Mazajena sun ci?"

Na so in ce sun ci. Amma ban taɓa iya yi mata ƙarya ta zauna ba. Na ce, "Mama, ba su bari na shiga da shi ba. Sun ce in zubar."



"Kika zubar?"

"A'a. Na zauna a ƙasa na cinye."

"Duka?"

"Duka, Mama."

Goshin ya yi ƙasa, na ga rufin ɗaki, na ji tana jan hanci. Can ta dawo.

"To," in ji ta. "Wannan karon dai kin ci kafin ki tafi."